Ƙulli Biyu a Igiyar Baba

Ni na ɗaura wa Baba igiyar nan da hannuna, shi ya sa har gobe ba wanda ya isa ya ce ban san gabanta da bayanta ba.

A unguwar Farsha muke a lokacin, bayan kwata, inda iska ke kawo mana warin fata safe da yamma har muka daina jinsa. Fataucin shanu ne ya kawo Baba Njamena daga ƙasar Gumel. Tun kafin yaƙi yanar ido ta rufe masa ido duka biyun, amma hannunsa na nan daram. 'Yan kwata kan jawo bijimi har ƙofar gidanmu, Baba ya shafa tozo, ya buɗe bakin ya taɓa haƙora, ya faɗi shekarunsa da irin naman da za a samu. In ya yi magana an gama musu. Ni kuwa aurena ya mutu na dawo gida, daga ni sai shi.

Da faɗa ya shigo cikin gari, abin da Larabcin nan ke kira duwas, kowane gida ya haƙa ramin ɓuya saboda manyan bindigogi. Tsakar gidanmu siririya ce, ramin ya ratsa ta daga bango zuwa bango, kusa da ƙofar ɗakin Baba don ya yi saurin shiga. Muka gitta katako a kai, faɗinsa bai wuce a jera ƙafa biyu ba. To, yaya makaho zai je bayi? Baba kuma ba mutumin da za a riƙe wa hannu ba ne. Sai na ɗauko tsohuwar igiyarsa ta shanu, na ɗaure ta daga ƙofar ɗakinsa zuwa ƙofar bayi, na yi mata ƙulli biyu manya, ɗaya a wannan bakin ramin, ɗaya a wancan. In hannunsa ya ji ƙulli sai ya tsaya, ya lalubi katako da ƙafa, ya ƙetare. Ba ya ƙirga taku, ƙullin kawai yake jira. Cikin mako guda ya fi ni sauri, har yana yi mini tsiya wai mai ido ce ke tuntuɓe da buta a gidan nan.

Akwai ɗan ƙanwar Baba, taubashina ke nan, abokin wasana tun muna tsirara. Baba ne ya riƙe shi bayan rasuwar Gwaggo, shi ya koya masa shanu, shi ya yi masa aure. Mutum ne mai baki da sauri, irin wanda ke sa takalmi yana tafiya. Kullum muka haɗu sai ya ce ni baiwarsa ce, in ce shi ne bawa, kowa ya yi dariya.

Ran da abin ya faru famfo ya ɗauke, na ɗauki bokiti da hantsi na bi layin rijiya a bayan unguwa. Ranar ce taubashin nawa ke ƙetarar da iyalinsa zuwa Kuseri, hayin kogi, inda rabin gari ya gudu. Na daɗe a layi. Ina shigowa gida na ji nishi daga ƙasa. Baba ne a cikin ramin, kwance a gefe ɗaya, butarsa ta kife a kansa, ƙafar hagu ta juya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Bai yi ihu ba. Da ya ji motsina cewa ya yi, “Rufa mini zanen nan tukuna kafin ki kira mutane.”

Bayan an ciro shi na dubi igiyar. Ƙullin nan biyu suna can bakin bayi, nesa da ramin. An kwance ta, an mayar da ita a juye. A jikin ƙofar kuma ba ɗaurina ba ne, zarge ne irin na 'yan shanu, wanda ake fizga sau ɗaya ya warware. Na shinshina ta, kalanzir take wari. Ba sai an duba mini ƙasa ba. Wani ne ya ari igiyar ya ɗaure kayansa a puspus, amalanken nan da ake turawa, ya kai bakin kogi, ya dawo da ita a guje ya ɗaura yadda ta zo hannunsa.

Washegari taubashin nawa ya ƙetaro dubiya, maɗori na cikin aikinsa, dattawan kwata sun cika tsakar gida. Na faɗa a gabansu cewa shi ne ya juya igiyar. Ya dube ni ya ƙyalƙyale da dariya.

“Kun ji baiwata ko? Ko a gaban ciwo ba ta barin wasa. Ni me zan yi da igiyar Kawu? Ita dai ta kwance ta shanya wanki ta manta.” Sai ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. “Gaskiya kuma mu faɗa, Kawu ya tsufa. Kwanan nan hankalin kan ɗan tafi ya dawo.”

Na juya wajen Baba. Ya gama cije tsumma, gumi na zuba. Ya ce, “Ku bar maganar. Ni na yi gaggawa.”

Shi ke nan, kalas. Magana ta zama wasan taubasai, ni na zama mai neman fitina, Baba ya zama tsoho mai ruɗewa. Karayar ƙugu ta yi masa ciwo, amma wannan ta fi ta. Mutanen da ke durƙusawa su gaishe shi suka koma ɗaga masa murya kamar kurma, suna tambayarsa ko ya gane mai magana. Ba a ƙara jawo bijimi ƙofar gidanmu ba. Wata rana na ji wani dillali a waje yana cewa, “A ƙyale tsohon, kada a wahalar da shi.” Baba ma ya ji. Ya juya fuskarsa bango, bai ci tuwo ba ranar.

Da ɗauri ya kama, maɗori ya ce a fara tayar da shi. Na gyara igiyar, na sa masa ita a hannu. Ya shafa ta, ya sake ta. Ya ce sai gobe. Goben nan ta yi ta zuwa har ƙafar ta fara tsotsewa. Ni ke juya shi, ni ke kwashe kashinsa, mutumin da bai yarda a riƙe masa hannu ba. Duk lokacin da na fita da fo ɗin nan, fuskar mutum ɗaya nake gani a ciki. Ba zan ɓoye ba, na roƙi Allah a sujada ya karya masa ƙugu. Da bindigogi suka yi ta tashi wajen kogi ma, abin da na riƙa roƙo shi ne kada harsashi ya riga ni.

Sai aka samu lafawar faɗa, mutane suka fara dawowa. Matar taubashina ta haihu a Kuseri, mace, suka ƙetaro kwana biyu kafin suna. Gidansa an kwashe kwanon rufin, don haka aka ce a gidan Kawu za a raɗa suna, shi ne babba. Na ce madalla. Na share gida, na jiƙa gero, na yi komai da fara'a har matarsa na sa mini albarka.

Da safe aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Na sa aka fito da Baba kan gadonsa ƙarƙashin rumfa. Mahauci ya nemi inda zai zubar da kashin tumbi, na ce ya kawo, ni zan zubar. A ramin na juye shi, na bi da ruwan wanke-wanke. Igiyar kuwa tun da asuba na kwance ta na mayar a juye, na yi mata zarge irin nasa.

Taubashina yana tsaye cikin farar babbar riga sabuwa yana karɓar barka, na fito da ɗankwali a hannu. Mace ba ta ratsa taron maza haka kawai, amma taubashiya ranar suna wa zai hana ta? Na ce, “Dattawa, ku ba ni bawana in gwada shi. Ya ce hankalin Baba ne ya tafi. To ga mai cikakken hankali, ya bi igiyar nan ido rufe mu gani. Dokar ɗaya ce, irin ta Baba: ba ka tsayawa sai hannunka ya ji ƙulli.”

Wuri ya ɗauki shewa. Ya so ya zame, suka ce ina, wasan taubasai ba a gudunsa, angon ƙarni da tsoron mace? Ya yi dariyar nan tasa, ya sunkuyo na ɗaure masa ido, na ja ɗaurin da kyau. Da ya dubi igiyar sau ɗaya kafin nan, da ya gane. Bai duba ba, kamar yadda bai duba ba ran farko.

Na kai shi ƙofar ɗakin Baba na sa masa igiya a hannu. Ya fara jan ƙafa a hankali, matasa suka ce a'a, tafiyar maza za a yi. Ya miƙe wuya ya buɗe taku. Na tsaya ina kallon hannunsa na bin igiya yana neman abin da ba ya nan. Ƙafar dama ta sauka gefen katako, ya tafi gaba ɗaya.

Ƙarar faɗuwar nan har yau in na tuna sai in ji sanyi a raina. Dariya ta tashi, ta mutu a tsakiya, don wari ya taso kuma shi yana ta ihu ya riƙe idon sawu. Na leƙa bakin ramin na ce, “Bawa, lafiya? Ko hankalin ne ya ɗan tafi?”

Ya fizge ɗankwalin, fuska duk kashin tumbi, ya daka mini tsawa. “Ke muguwa ce! Ni na san da wani ƙulli? Sauri nake ranar, kwalekwale zai tashi ya bar ni da yara a bakin ruwa!”

Babu wanda ya miƙa masa hannu nan da nan. Wani dattijo da ya fi kowa ɗaga wa Baba murya a 'yan watannin nan ya tashi, ya je gaban gadon ya durƙusa, ya ce a hankali, “Alhaji, ka yafe mana.”

Na ɗauka daga nan Baba zai tashi. Bayan taro ya watse na gyara igiyar, na kawo masa bakinta ina rawar jiki. Na ce, “Baba, ka ji da kunnenka. Ba kai ba ne.”

Ya ce, “Ai na sani tun ranar.”

Na zauna a ƙasa.

“Ina jinsa ya shigo, ina jinsa ya mayar. Da na fito na taɓa ƙofa na ji zargensa, ni na koya masa shi. Sai na ce a raina, yaron da na koya wa ɗauri ba zai juya igiya ba. Na saki jiki na tafi. Ɗan ƙanwata ne. Da na faɗa, wa zai ƙara ba shi riƙon dabba a garin nan?”

Na ce, “Shi ya sa ka bari aka ce ka haukace?”

Sai kawai ya ce in kama shi. Na rungumo shi na ɗaga, ya riƙe igiyar da hannu biyu, ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙafar ta ƙi. Ta riga ta zama kara. Muka sake gwadawa washegari, da jibi, har shi da kansa ya ce in naɗe igiyar. Damina na tsakiya ya rasu a kan gadon nan. Na yi fushi da shi ma, Allah ya jiƙansa, na daɗe kafin fushin ya sake ni.

Taubashina targaɗe kawai ya samu, sati biyu ya warke. Ya koma unguwar Habbena da zama, bai ƙara yi mini wasa ba, ni ma haka. A ta'aziyya ko biki in muka haɗu, kowa ya dubi gabansa. An sha zuwa mini da maganar sulhu, ana cewa ai na rama. Ban rama ba. Shi ya fito daga ramin da ƙafarsa.

Bara wata mata ta yi sallama a gidana, ta durƙusa ta kira ni Gwaggo. Sai da ta faɗi ko 'yar wace ce na gane jaririyar da aka raɗa wa suna ranar nan. Ta ce ciwon suga ya cinye wa babanta ido, sau biyu yana faɗuwa a tsakar gida, kuma ba ya yarda a riƙe masa hannu. Ta ce an gaya mata ni na taɓa yi wa Kaka wata dabara da igiya, ko zan koya mata.

Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Tana nan a naɗe, ƙullin biyu sun yi baƙi da hannun Baba. Sun ƙi kwantuwa da yatsa, sai da na sa sauran haƙoran da suka rage mini. Na fito da ita miƙaƙƙiya na ba ta.

Na ce, “Ki sa masa a hannu. Ya fi ni iya ɗauri, shi zai gaya miki inda ake ƙulli.”

Ta karɓa hannu biyu tana ta godiya, har da ƙwalla. Na raka ta bakin ƙofa, na ce ta gaishe shi, ta ce masa daga gidan Kawu ne.