Ranar da Waldemar Ya Goge Rumbun Masu Madara

Waldemar Silveira ɗan garin Paysandú ne, kuma a bayan shagon gyaran kekuna na babansa ya kafa kamfaninsa. Sana'arsu ita ce ajiye wa mutane bayanansu a manyan kwamfutoci ta intanet, kowa da rumbunsa, ba sai ya sayi injin kansa ba. Su biyu suka fara, shi da abokin karatunsa Yamandú, wani dogo mai tsokana. Wadda ta fara ba su amana ita ce Doña Nélida, shugabar ƙungiyar masu madara, wadda takan leƙo ofis duk ranar da ta shigo gari.

Ofishin ba shi da rubutacciyar doka. Ƙoƙon shan mate, shayin gargajiyarsu, ɗaya ne, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Duk wanda zai goge rumbun da aka daina amfani da shi, kafin ya danna maɓallin gogewa wani ya iso da ƙoƙon, ya tsaya a kansa yana leƙen allo.

"Kai ɗan mai keke, ba wannan ba ne," Yamandú kan ce. "Kurɓa ka wartsake."

Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin aiki. Shan shayi ne kawai.

Kamfani ya bunƙasa, aka ɗebi matasa. Da annoba ta zo, kowa ya koma gida da nasa ƙoƙon. Wata Talata da hantsi Waldemar yana share rumbunan gwaji a teburin kicin, ya haɗa da na masu madara. Babu kowa a bayansa. An dawo da kwafin ajiya, amma awon madarar makon ya salwanta, ga shi da shi ake raba wa makiyaya haƙƙinsu.

Matasan suka ruɗe, suka ce a ɗora wa inji laifin. Waldemar ya ɗauki mota. Ya san idan Doña Nélida ta janye, sauran ƙungiyoyin yankin bayanta za su bi.

A rumfar tatsa ya same ta.

"Doña, ni na goge. Da hannuna."

"Ina dogon nan mai tsaya maka a ka?"

"Yana gidansa."

"Au, shi ne ka zama maraƙi ba igiya?" Ta ajiye bokitin madara. "To nemi kujera, ɗana. Makiyaya za su zo kowa ya faɗi abin da ya kawo, kai za ka shigar. Wanda ya yi ƙari, kai da shi."

Ya yi kwanaki a rumfar nan, ƙuda na binsa, tsofaffi na yi masa ba'a. Doña Nélida ba ta janye ba.

Yanzu maɓallin gogewa ba ya aiki sai mutum biyu sun danna, kuma Yamandú ya liƙa masa hoton ƙoƙo. Shi kuwa Waldemar, ko tsohon hoto zai goge a wayarsa, sai ya miƙa wa na kusa da shi ya duba tukuna.