Mutumin da Ya Ce Kuskuren Nasa Ne

Kullum ƙarfe bakwai na safe, bayan masu awon taurari sun tafi barci, Baba Mai Madubi yake shiga ɗakin na'urar hangen sama. Zai sa safar hannu, ya duba madubi, ya auna sanyin ɗakin, ya kunna ƙaramar fitilar da ake saita na'urar da ita, sannan ya rubuta duk abin da ya taɓa a wani littafi mai baƙin bango. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Wata mai zuwa zai ajiye aiki.

Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba. Sanadin 'yata na san shi. A lokacin tana digiri na uku a kan wasu gizagizan iskar gas da ke gudu a gefen tarin taurarin da duniyarmu take ciki. Aikinta ta gano nisansu da abin da ke cikinsu. Bara ta rame, ta daina cin abinci, uwarta ta hana ni sakat. Na rufe shago na je wurin na'urar, inda take aikin.

Baba na tarar yana wanke kofi. Na ce masa ban ma san abin da ke damunta ba. Ya ce in ɗauka hayaƙi ya tare titi: fitilar da ke gabansa za ka gan ta tas, wadda ke bayansa kuwa haskenta zai zo da tabon hayaƙin. Haka taurari suke. Da tabon ake sanin inda girgijen yake, da ko akwai ƙarfe a cikinsa. To ita tauraro ɗaya ne ya rikita mata lissafi, tabonsa ya fito inda bai kamata ba, kuma malaminta ya ce in ba ta warware ba, babu zancen kammalawa. Wata guda tana zargin kanta.

Ya kira ta ya tambayi ranar da aka yi awon, ya ɗauko littafin shekara biyu baya. Ya daɗe yana kallon shafin. A ranar ya canza fitilar saiti, ya rubuta, amma babu layin da ya nuna ya sake saita na'urar bayan nan. Abin da ya gusar da tabon ke nan.

Babu wanda zai buɗe littafin nan in ba shi ba. Na ga haka, shi ma ya san na gani.

"Malam tela," ya ce, "in ka yanka yadi ba daidai ba, kakan ce jikin mai kayan ne ya karkace?"

Da ƙafarsa ya je ofishin malamin ya nuna shafin. An ba shi takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa. Aka sake awon, tabon ya koma mazauninsa, 'yata ta kammala. Sunanta na kan takardar binciken, nasa babu.

Baba, kai ne ka zaɓi a ɓata maka fayil maimakon a ɓata wa yarinya shekara uku. Na gode, uwarta ma ta gode. Masu aiki, ku riƙa rubuta abin da kuka yi, in kuma kun yi kuskure ku faɗa kafin ya faɗa kan wani.

Na ɗinka masa riga ta sallama. Da ya gwada, hannun hagu ya ɗara na dama tsawo. Ya dube ni. Na ce, "Kuskurena ne, Baba, cire in gyara."