Kwalekwalen Turawa Ba Ya Sa Jiri

Jiya muna cin kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, a gidan yayana a unguwar Malaz nan Saudiyya, sai ya turo min wayarsa in ga hotuna. Kwanan nan ya dawo daga hutu a Venice, garin nan na Italiya da ruwa ne titunansa.

Ga shi gaban tsohuwar majami'a, tattabaru sun yanyame shi. Ga shi kuma ya kishingiɗa cikin kwalekwale, wani Bature na tuƙa shi ƙarƙashin gadar dutse, sai washe baki yake.

Na ce, "Yaya, ashe jirin ya warke?"

Ya ce, "Wane jiri?"

Na ce, "Wanda kake cewa ruwa na sa maka. Tunda ka zo Saudiyya, ko ka je gida ba ka haye kogi ka gaida Inna. Sai dai a ɗauko tsohuwa a kawo maka ita Yawuri."

Ya ajiye cokali ya ce, "Kai, wannan fa ba kwalekwale ba ne, gondola ce!"

To jama'a, ku ba ni shawara: fenti za mu shafa wa kwalekwalen garinmu, ko Bature za mu nemo ya riƙa tuƙawa? Don Inna dai ƙafa ta fara gazawa.