Labarin Kawuna a Bakin Abokina

Tare munka karanta likitanci a Sakkwato, ni daga Turba, shi daga Unguwar Lalle. Da munka gama, anka turo ni asibiti a Isa, shi kuma Sabon Birni. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta wurina mu sha fura a ƙarƙashin dalbejiya.

A irin wannan zama na ba shi labarin kawuna, wanda ya yi shekaru yana aikin haƙar yuraniyam, ma'adinin da ake yin makaman nukiliya da shi, a arewacin Nijar. Ya dawo gida da tarin da bai bar shi ba har ya rasu. Na ce saboda shi na fara karanta abin da makaman nukiliya ke yi wa jikin ɗan Adam: ƙunar da ba ta warkewa, jinin da ke lalacewa, da garin da likitocinsa ke mutuwa tare da majinyatansu. Abokina ya saurara, ludayi a hannu.

Bayan damina biyu, sai ga shi da takarda.

"Likita, taya ni murna. Wata ƙungiyar likitoci masu neman a kawar da makaman nukiliya ta gayyace ni taro. Za ni Turai."

"Kai? Yaushe ka fara damuwa da wanga al'amari?"

"Tun randa ka ba ni labarin Kawu. Na rubuta musu shi, sunka ce in zo in faɗa da bakina."

Na ce madalla, Allah ya kai lafiya. Ranar nan na yi wa wata tsohuwa mai hawan jini tsawa ba ta yi mini komai ba.

Da ya dawo ya nuna mini bidiyon a wayarsa. Yana tsaye cikin babbar riga, yana cewa ba asibitin da zai iya ɗaukar masu rauni in an jefa bam ɗaya, don haka maganin kawai shi ne a raba duniya da shi. Maganata ce, har inda nake numfasawa. Ya ce "kawun abokina", bai ɓoye ba. Da ya ɓoye, da na sami abin riƙewa. Fararen likitoci sunka miƙe suna tafi, wata tana share hawaye. Kawun da ni na yi wa wankan gawa.

Ya miƙo mini takardar kira ga gwamnatoci, likitoci na sa hannu. Na sa, don na yarda da kowace kalma.

"Sun ce ko akwai hoton Kawu? Za su sa a littafinsu."

Akwai, yana cikin akwatin innata, ya sa hular kwano yana dariya.

"Babu," na ce.

Ya jinjina kai, ya ce ba komai. Har yau muna shan fura tare, kuma bai sake tambaya ba.