Tafin Hannun Baba Mai Barga

Shekara talatin Baba mai barga ya yi yana kula da dawakin gidan. Da rani yakan jiƙa musu kofato kada ya tsage, da damina ya shanya shimfiɗar sirdi sai ta bushe sarai. Da idonsa ya dushe, ya ji ana cewa maigida zai sallame shi.

Wata safiya maigida ya shigo, ya tarar yana shafa bayan doki.

"Ranka ya daɗe, jiya da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa aka hau shi. Gyambo na tafe, taɓa nan."

Maigida ya duba bai ga komai ba. Da ya taɓa, dokin ya zabura. Ya juya ga Baba.

"Baba, ci gaba da aikinka."