Igiyar da Bawa Ya Yanke

Shin Bawa ya san mijina yana cikin motar lokacin da ya yanke igiyar? Bana shekara ashirin da biyu ke nan ina kwana ina tashi da wannan tambaya. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata Hajara ce ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma ce ko na yi kuka kada ta tsaya.

Bawa ƙanena ne, ciki ɗaya. Mu masunta ne, a bakin ruwa aka haife mu, kusa da Wara. Mijina kuwa mutumin Yelwa ne, ɗan kasuwa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Baban Hajara nake ce masa.

Sana'arsa zuwa Kwatano. Yakan sayo motocin da Turawa suka gama hawa aka ɗoro su a jirgin ruwa. Bayan an ba mu jihar Kebbi ma'aikata suka yawaita, malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma kowa yana son 'yar Kwatano. A waɗannan shekarun da takardunsa yake shigowa, ta kan kwalta, rana tsaka, ya tsaya ƙofar gida ya danna ham. Ni ke wanke motar kafin mai ita ya zo. Na wanke motoci ban san iyaka ba, amma ban taɓa zama a cikin ko ɗaya ba. Kujerun a rufe suke da leda, in na miƙa hannu ga ƙofa sai ya ce kayan mutane ne.

Sai wata rana rediyo ya ce duk motar da ta wuce shekara biyar da ƙerawa ba za ta ƙara shigowa ƙasar nan ba. Yana cin tuwo ya ji. Ya yi dariya har ya ƙware.

"A Yawuri wa ka sayen mota mai shekara biyar? Ni da na wuce hamsin, an hana ni shiga gari?"

Dariyar ba ta daɗe ba. Masu saye ba su da ƙarfin sabuwa, tsohuwa kuma ba a ba ta takarda. Sai sana'ar ta bar kwalta ta shiga daji. Direbobi suka riƙa tahowa a jere, a guje, ba mai tsayawa ko da me ya gani a gabansa. Ana shimfiɗa masu katako mai ƙusoshi a hanya, ana harbin tayoyinsu. Na ga direban da aka kawo gidanmu fuskarsa cike da fasasshen gilashi, ana cirewa da hantsaki yana ihu. Na ji labarin mace mai ɗauke da itace da aka take a wani ƙauye, motoci huɗu suka bi ta kanta, babu wanda ya waiwaya. Wata rana Baban Hajara ya dawo da jini a gaban rigarsa, kuma ba nasa ba ne. Na jiƙa ta da toka na wanke. Bai faɗa ba, ban tambaya ba.

Hanyar dajin tana ƙarewa ne a wancan ƙetaren gulbi, ga Yawuri ana hange. Babban jirgin fito akwai ido a kansa, don haka sai aka koma wa masunta. A nan Bawa ya shigo. Yakan haɗa manyan jirage biyu gefe da gefe, a gicciya katakai a kai, a turo mota ta hau, a tokare tayoyin da guntayen itace. Sai a ɗaure ta da igiya ɗaya tak, ƙullin yana bayan jirgi inda matuƙi yake tsaye. A lulluɓe ta da tamfol, a jera kwandunan kifi da buhunan gero a kai, 'yan kasuwa su zauna kewaye. Ranar kasuwa ake yi, da rana, a cikin sauran jirage.

Masunta suna da doka biyu a kan wannan aikin. Ta farko, ba a zama cikin mota a kan ruwa, ko kai ne mai ita. Ta biyu, in jirgi ya fara shan ruwa, matuƙi ya yanke igiya mota ta tafi, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Shi ya sa igiyar take ɗaya. Baban Hajara ya san dokar sarai. An taɓa yanke masa igiya, wata rana da iska ta taso a tsakiyar gulbi, yana kallo motarsa ta nutse. Ya dawo gida a jiƙe ya ce alhamdu lillahi, ya nemi ruwan zafi.

Shi da Bawa kullum cikin tsiya suke, irin ta miji da ƙanin mata.

"Kai dai dutse ne," in ji Bawa. "In ka faɗa ruwa sai dai mu ji ƙundum."

"Kai kuma in ka hau tudu ƙudajen Yelwa duka sai sun zo gaishe ka."

Da gaske ne, mijina bai iya iyo ba. Bawa ya sha cewa zai koya masa, shi kuma ya ce ba zai tuɓe gaban yaro ba.

Ranar da abin ya faru ina bakin ruwa, don an aiko mani cewa sun iso ƙetare. Hantsi ya ɗaga. Na hango jirgin Bawa ya taho da nauyi, mutane a zaune kan kaya, mijina a tsaye da farar hula. Sun kusa, har ina gane fuskoki. Sai wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya ɓullo daga bayan wani gungu, wato tsibiri, da mutane masu bindigogi. Wasu sun ce ma'aikatan kwastan ne, wasu sun ce 'yan fashi ne da kakin aro. Har yau ba wanda ya faɗa mana.

Ban ji sun ce a tsaya ba. Harbi kawai na ji. Wani mai gero da ke zaune a gaba harsashi ya same shi a muƙamuƙi, ya tashi tsaye riƙe da fuskarsa, jini na bin gwiwar hannunsa, sannan ya kife cikin ruwa. Mata suka yi kururuwa suka ruga gefe guda. Jirgin hagu ya huje, ya fara sha. Da ya karkata sai itacen da ya tokare tayar baya ya fice, na ga tulin kayan nan ya motsa.

A nan ne mijina ya ɗaga tamfol ta gefen da ke kallona, ya buɗe ƙofa ya shiga don ya taka birki. Na gan shi da idona. Na ƙwala ihu ina kiran Bawa, na shiga ruwa har ƙugu. Bawa yana baya, ta ɗaya gefen, kwanduna sun tare tsakaninsu. Ya zaro wuƙa daga ɗamararsa. Kafin ya sa ta, ya juya kansa sau ɗaya wajen inda mijina yake tsaye a da. Sau ɗaya. Sannan ya yanke.

Motar ta sulale da baya, tamfol da kwanduna suka bi ta. Kumfa ya taso, ruwa ya rufe. Jirgin ya miƙe, masu bindiga suka juya suka tafi. Bawa ya kawo sauran mutane gaɓa da ransu.

Dangin mijina suna cikin kasuwa, kafin a ɗaure jirgi sun iso. Suka janyo Bawa kan yashi, suka rufe shi da filafilai da itacen rumfa. Na ji ƙarar karyewar hannunsa. Haƙoransa biyu suka zube, bai kare kansa ba. Ni da na goye shi yana jariri ina tsaye a wurin, kuma ban ce a bari ba. Wannan ma ina ɗauke da shi. Tsofaffin masunta ne suka shiga tsakani suka ce doka ya bi.

Kwana biyu masu nutso suna nema. Da aka janyo motar, yana kan kujerar direba, ƙafarsa a kan birki, hannunsa a kan birkin hannu. Gilasan a rufe. Hular tana kansa.

Ban daɗe da fita takaba ba rediyon nan dai ya ce an mayar da dokar shekara takwas. Motar da ya mutu a cikinta shekararta bakwai. Da ya jira 'yan watanni, da ta kan kwalta zai shigo da ita yana danna ham. Tun daga nan an sake canza lissafin, an kuma sakewa, na daina riƙewa. Ina so masu yin doka su sani, lambar da suke gogewa su rubuta wata, a wurinmu mutum ce.

Da yana nan yau, na san zai yi mamaki. Hajara ta nuna mani samari suna zaɓen mota a waya, motar tana can wata ƙasa, ba su taɓa ta ba, ba su saurari injinta ba. Shi da yake kara kunne a jikin mota kamar mai jin cikin mace. Motocin da aka ce sun tsufa a wancan lokacin har yanzu wasunsu suna ɗaukar albasa zuwa Shanga. Zai yi dariyarsa, ya ce su ma an hana su shiga gari ne?

Bawa bai sake fito da mota ba. Hannun ya warke a karkace, ya koma saƙar taru a Wara. Muna gaisawa wurin suna da ta'aziyya, gaisuwar baƙi. Akwai wata mata daga Shanga da ke cikin jirgin ranar, da goyo a bayanta. Duk shekara tana kai masa gero, ta biyo ta kawo mani busasshen kifi, ta ɗan zauna ta tafi. Na san abin da take nufi. Na san da bai yanke ba, da gawa ta cika gaɓar nan. Sanin haka bai taɓa amsa mani tambayata ba.

Da daminar bana aka aiko cewa Bawa yana jin jiki. Na shiga jirgi na je. Na same shi ya rame, karkataccen hannun a kan ƙirjinsa. Ya sa aka fita aka bar mu.

"Yaya," ya ce, "ranar nan, da na waiwaya..."

Na sa tafin hannuna na rufe masa baki. Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan maganar, da ta zo na kasa. In ya ce ya gan shi, da wace zuciya zan yi masa addu'a? In ya ce bai gan shi ba, na san ba zan yarda ba. Na ce masa na yafe, ko me ya gani. Na roƙe shi shi ma ya yafe mani tsayuwar da na yi a kan yashi. Hawayensa suka jiƙa mani yatsu. Bayan kwana uku ya cika. Allah ya jiƙansu su biyu, ya haɗa su inda babu ruwa tsakaninsu.

Abin da ya rage na Baban Hajara ba shi da yawa. Hular tana cikin adakata. Akwai tsofaffin malamai a Yelwa da har yau in sun gan ni sai su ce motar da ya kawo masu ba ta taɓa ba su kunya ba. Akwai kuma darbejiyar ƙofar gida, wadda nake share gindinta kowace safiya, maƙwabta suna zaton tsafta ce.

Mutane sun sha tambaya me ya sa mutumin da ya san doka, wanda ya taɓa kallon motarsa ta nutse ya ce alhamdu lillahi, ya shiga wannan. Wannan kam na san amsarta, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Hajara yau ta fara ji. Ranar da zai tafi Kwatano na raka shi zaure da jakarsa. Ya karɓa, ya yi taku biyu, ya juyo ya nuna bishiyar da haɓarsa.

"Ki share gindin darbejiyar nan, Innar Hajara. Wagga da zan kawo ba ta sayarwa ba ce. Gaba za ki zauna."