Ɗakin da Aka Ce An Riga An Kama

A daminar da mahaifinmu ya rasu, ina ɗan shekara tara, wata safiyar Laraba Inna ta ja hannuna zuwa wani gidan haya a Zangon Kumasi. Ɗakinmu ya rufta, muna kwana a rumfar maƙwabta, feshin ruwa yana jiƙa tabarmar ƙannena. A tsakar gidan mata suna dakan sakwara, 'yan mata suna tsalle suna tafi. Mai gidan ya buɗe mana ɗaki, har ya nuna inda za mu kafa murhu, sannan ya tambayi wanda zai riƙa biya. Inna ta ce ƙungiyar mahauta, abokan sana'ar marigayi, ce ta ɗauki nauyi. Sai ya sosa ƙeya, ya ce ai ya manta, wani ɗan'uwansa ya riga ya kama.

Inna ba ta yi musu ba. Sai da muka fita ta ce, "Ka ga idonsa? Babu wani ɗan'uwa." Washegari ta tura Goggo Rabi mai tuwo, ta ci ado da atamfar Sallah, ta tambayi ɗakin nan dai. Mai gidan ya ce ɗakin yana nan. Goggo ta sa aka raba goro gaban dattawa biyu, wanda a Zango ya fi sa hannu ƙarfi, ta karɓi makulli ta damƙa wa Inna. Mun shekara shida a gidan, kullum ina ɗebo ruwa a famfo idon mutumin yana bayana.

Na zauna a Abidjan da Jidda, na ji wannan mantuwa da Faransanci da Larabci. Yanzu a Tremont, unguwarmu a wani babban birnin ƙasar waje, jikata Hadiza, mai aikin kula da tsofaffi, tana gidan marasa matsuguni da 'ya'yanta, ga takardar tallafin haya ta gwamnati a hannunta. Ta ga wani gidan haya, amma da ta ambaci takardar, dillalin ya ce zai kira ta, har yau bai kira ba. "Kaka, ƙila aiki ne ya yi masa yawa," in ji ta. Na buga masa waya da kaina ban ambaci takarda ba, ya ce in zo gobe in duba.

Doka a birnin nan ta hana wannan wariya, kuma mun kai ƙara, an karɓa da mutunci. Amma an riga an ba wani mutum gidan, Hadiza tana jiran a saurare ta. A da ba mu da doka, Goggo kawai muke da ita.